Ƙanƙarar da Na Bari Ta Yi Kauri

Illela, ranar Laraba

Zuwa ga Nomau,

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Tawa lafiya, kai da akwatin kayan aikinka. Allah ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka a hanya da masauki.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a ƙasan jakarka alhali gida ɗaya muka kwana. Ka san tsakanin uba da ɗan fari akwai kunya. Shekara ashirin da ɗaya ban kira sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi doguwar magana ba. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, don kafin tawadarsa ta bushe rabin gari ya ji. Hannuna ne, na ɗan karatun manya, in ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi.

An ɗauke ka aikin kula da firigon gidajen likita, inda ake ajiye maganin rigakafin yara. Mutane suna ta yi mini barka, ni kuwa tun da labarin ya zo hankalina bai kwanta ba. Akwai abin da na sani game da rasuwar ƙanwarka Rabi, shekara biyar ke nan ina riƙe da shi ban gaya wa kowa a gida ba, kuma ba zan bari ka ɗora hannu a firigon kowa ba ka ji shi ba. Amma sai na fara daga farko.

Kana ɗan shekara bakwai na samu aikin shara da wanki a gidan wani nasara injiniya a Malbaza, lokacin da gidan siminti yake sabo. A can na fara ganin firigo. Ni da na tashi ban san ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan sama ta kashe mana gero, sai ga ta a akwati, fara sol, tana zaune lafiya da tsakar rana. Wata Asabar kukun gidan zai tafi kasuwa, ya ce mini, "Arzika, ƙanƙara ta yi yawa, hidda ta kamin in komo." Bai gaya mini yadda ake yi ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Na ɗauko wuƙar yanka nama na hau sara kamar mai sassabe. Ina jin daɗin aikina, manyan ɓaraguzai suna zubowa, sai bakin wuƙa ya zarce. Na ji wata iska tana fita, tsss, na sa yatsa na toshe, wai ko za ta haƙura. Kafin azahar firigo ya mutu, kafin la'asar ina bakin hanya da ƙullin kayana ina tsayar da motar siminti.

To ka ji na farko. Kada ƙarfe ya taɓa ƙarfen firigo, ko wuƙa ko cokali, ko da gaggawa tana cin ka. Bututun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar nan bai fi fatar albasa kauri da yawa ba. Ka kwashe magani ka sa a akwatin sanyi, ka kashe wuta, ka buɗe ƙofa, ka ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, ka nemi wuri ka zauna. Za ta sauko da kanta. In ta gama ka goge ko'ina da tsumma har ya bushe, don laimar da ka bari ita ce ƙanƙarar gobe. Na san Malam Idi mai gyaran firigo ya koya maka wannan tun shekararka ta farko a shagonsa, kana ma murmushi yanzu. Yi murmushinka, amma ka karanta.

Abin da ya fi huda bututun muni shi ne darasin da na ɗauka daga ciki. An kore ni, babu wanda ya tsaya ya ce mini ga dalilin da ya sa ake fitar da ƙanƙara. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ƙanƙarar firigo ba abin taɓawa ba ce, wanda ya taɓa ta ya rasa tuwonsa. Da wannan wautar na yi yawo shekaru ina ganin kaina mai hankali.

Bayan shekaru na samu aikin gadi da shara a wani ƙaramin gidan likita, a wani gari da ke kan hanyar Badagishiri. Kai lokacin kana lakwal, makarantar boko, a Ƙonni wurin kawunka. Babban ma'aikacin jinya, wanda muke ce wa Majo, shi kaɗai ne a wurin, shi ne mai allura, shi ne mai ɗaurin ciwo, shi ne mai zaga ƙauyuka a kan babur. Da aka kawo firigo mai aiki da kananzir, sai ya damƙa mini. Ya nuna mini yadda ake datse lagwani har wuta ta yi shuɗi, da yadda ake share bututun hayaƙi. Ya rataye ma'aunin zafi a ciki, da yake a lokacin ban iya karatu ba, ya ja jan layi a jikinsa ya ce in zaren da ke cikin ma'aunin ya hau ya wuce nan in gaya masa ko yana salla in jira ya sallame. Ya kuma ce duk mako in kashe wuta in narkar da ƙanƙara. Na ce to da baki. A zuciyata na ce an ƙi, wannan ramin na taɓa faɗa masa.

Lagwani kam na kula da shi kamar ɗa. Wutata ba ta taɓa yin ja ba, kananzir bai taɓa yankewa ba. Ƙanƙara kuwa na bar ta tana hawa, ina kallonta ina jin daɗi kamar manomi da rumbu. A ganina yawanta shi ne shaidar cewa firigo yana da ƙarfi.

Sai azumi ya zo, wanda ya faɗo a ƙarshen damina. Ka tuna irin zafin nan mai gumi, ga laima a iska, rigarka ba ta bushewa a jikinka. Ana saura kwana biyu a kama baki aka kira Majo zuwa Tawa wani horo na wata guda. Ya bar mini mabuɗi, ya bar firigo cike da kwalaben rigakafin ƙyanda da za a yi wa yara bayan salla.

Ran uku ga azumi liman ya zo da kansa da la'asar, riƙe da ɗan kwano. Mahaifiyarsa tsohuwa ce tukuf, ta ƙi ajiye azumi, tana kwance tana numfashi sama-sama. Ya ce, "Arzika, don Allah ka sa muna wanga ruwa shi yi sanyi, tsohuwa ta sha ruwa da shi." Ka gaya mini, Nomau, wane ɗan Musulmi ne zai dubi liman ya ce a'a a kan ruwan buɗa-bakin tsohuwa? Na karɓa na sa. Washegari ya dawo da addu'a har da ɗaga hannu. Jibi sai ga kwanon gidan maigari. Wanda ya karɓi na maigari kuwa ba shi da bakin ƙin na maƙwabcinsa. Kafin goma ga wata firigon gwamnati ya zama na gari. Ƙoren fura, kwanonin kunun tsamiya, ruwa a buɗe ba marfi, wani kunun ma da sauran ɗuminsa. Na matse kwalaben magani a lungu don a samu wuri. Daga la'asar zuwa magariba ƙofar nan ba ta hutawa, wannan ya kawo, wancan ya zo ɗauka, wani ya zo kallo kawai.

Suka sa mini suna Sarkin Ƙanƙara, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, sunan ya yi mini daɗi. Ni ɗan talaka mai tsintsiya, sai ga masu rawani suna gaishe ni tun daga nesa. Kaina ya kumbura fiye da ƙanƙarar. Ita kuwa ta yi kauri har ta cinye ƙarafan nan sirara na sama ba ka ganin ko ɗaya, ta tura ƙofa ta daina kamawa sosai. Da na ga haka sai na jingina mata turmi.

Wajen ashirin ga wata wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta karɓi kwanonta, ta taɓa da bayan hannu, ta ce, "Ɗana, jiya ruwanka bai kama haƙori ba kamar na farko." Na yi dariya na ce, "Iya, wane haƙori ya rage miki da zai kama?" Aka yi dariya aka watse. Da kowa ya tafi na leƙa ma'auni. Zaren ya wuce jan layi, ba da kaɗan ba. Na dubi ƙanƙara, tana nan jibge, sai na ce wa kaina ma'aunin ne ya lalace, yaya za a yi wuri mai wannan ƙanƙara ya yi zafi? Kwana goma ina ganin zaren nan a sama, kwana goma ina ba kaina wannan amsar.

Majo ya dawo ana jajibirin salla, da sassafe. Na riga na kwashe kwanoni na goge wurin, ƙofa ta kwana a rufe, zare ya sauko ya tsaya daidai kan layi. Ya tambaye ni, "Lahiya dai firigo?" Na ce, "Lahiya lau, Majo, dibi ƙanƙara." Ya ɓata fuska ya ce ta yi yawa, mu narkar da ita da zarar an gama allura. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma goma ta isa. Amma na tuna Malbaza, na tuna tsayuwa bakin hanya da ƙullin kaya, na ja bakina na yi shiru.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne, kuma a kansa nake so ka fi tsayawa. Ranar da ka ga abu ya kauce, ranar za ka faɗa, ko kai ne ka kautar da shi. Maganin da ya sha zafi ba ya canza launi, ba ya wari, ba ya nuna komai. Fura in ta lalace hanci zai gaya maka, shi wannan ba mai gaya maka sai wanda ya tsare firigon. In shi ya yi shiru, shi ke nan, za a tsira wa yaro ruwa a ce an yi masa rigakafi.

Ranar allura mata suka taru a gindin bedi suka ƙi matsowa, kowace ta ƙanƙame nata. Wata ta ce an ce allurar tana sa zazzaɓi, wata ta ce a fara da 'ya'yan ma'aikata. Sai ni, Sarkin Ƙanƙara, na shiga gida na ɗauko Rabi daga hannun innarka. Shekararta ɗaya da rabi, tana riƙe da ɗan guntun rake. Na ɗaga ta sama na ce, "Ga tawa, da ita za a fara. Ni ka tsaron maganin ga da hannuna." Aka yi mata, ta yi ɗan kuka ta koma kan rakenta. Matan suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya saboda maganata.

Da bazara ƙyanda ta shigo garin. Da farko ko a jikina, ina cewa namu an yi musu. Sai ta fara kwantar da waɗanda aka yi wa allura daidai da waɗanda ba a yi wa ba. Rabi ta yi kwana tara. Idanunta suka rufe, ƙirjinta ya riƙe, ran na tara da hantsi ta cika a cinyar innarka. Ba ita kaɗai ba ce, akwai gidajen da na je gaisuwa a watan nan ban iya ɗaga ido na dubi masu gidan ba. An aiko maka Ƙonni ka zo, ka tarar an riga an kai ta. Na ga ka zaga bayan rumbu ka daɗe, na san kuka kake yi, ban bi ka ba.

Majo ya rubuta sama cewa a zo a duba firigo, aka turo Malam Idi daga Ƙonni. A ranar na fara ganinsa. Tun bayan salla na koma halina, ƙanƙara ta sake taruwa. Ya buɗe, ya duba, ya shafa robar bakin ƙofa, ya ga tabon kunu da ya bushe a wani lungu da tsummana bai kai ba. Ya jira Majo ya shiga ɗakin allura, sannan ya ce mini in matso.

"Kai ka kula da wanga?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ka san aikin ƙarhen ga da ƙanƙara ta ruhe? Shi ka shan zahin da ke cikin akwati shi hidda shi waje. In ka lulluɓe shi da bargo, da wane baki za shi sha? Ƙanƙarar ga bargo ta. Sama sanyi, ƙasa inda magani yake ɗumi."

Na ce to daga ina take zuwa, tunda ni ban zuba ruwa a kan ƙarfen ba. Ya ce daga iska. Duk buɗe ƙofa iska mai laima ta shiga, duk kwanon da ba marfi yana ba da tasa, ƙarfe ya kama ya daskarar. Cikin abin da bai fi shan shayi ba mutumin nan ya warware mini abin da na yi shekara goma ina tsoro ban fahimta ba. Na zauna a ƙasa. Na gaya masa komai, azumi da kwanoni da jan layi. Da na gama ya ce, "Ban iya cewa kai na. Maganin ya yi tahiya mai nisa kamin shi iso hannunka, Allah kaɗai ya san inda ya mutu. Amma gaskiya, firigon da ka hwaɗa min, ko nono ban aje ciki." Bai tona ni ba. Ya gaya wa Majo roba ta saki, ya canza ta, ya tafi.

Na san ajali na Allah ne, na kuma san watakila ko da maganin yana da rai Rabi za ta tafi. Malamai sun gaya mini, na yarda. Amma ni ne na ga zaren nan kwana goma, kuma wannan babu malamin da zai ɗauke mini shi. Da damina ta faɗi na ajiye aiki na ce gona nake so. Na shiga karatun manya don kada layi ya sake fi na wayo, na ɗauke ka na kai wa Malam Idi. Ka sha tambayar innarka me ya sa na zaɓa maka wannan sana'a ban bar ka ka bi motocin kawunka ba. Yau ka ji.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Kada ka bar ƙanƙara ta wuce kaurin ƙwayar wake. Ka gwada robar ƙofa da takarda, in ta zare ba ta tirje ba, iska tana shiga. Ka bar tazara tsakanin kwalaye don sanyi ya zaga. An ce har na'urorin sanyaya ɗaki na buro-buro, wato ofisoshi, za ka riƙa dubawa. Su ma in ka ga fari ya hau ƙarfensu kada ka ce ƙarfi ne, a Malbaza ƙurar siminti ce ke toshe musu raga iska ta kasa wucewa su daskare, mai buro yana gumi yana zagin na'ura. Ka wanke raga, ka bar ta ta sha iska.

Amma ba ƙarfe ne ya fi damuna ba, ƙarfe ka fi ni saninsa. A kowane gidan likita da za ka je akwai wani Arzika, mai gadi ko mai shara da aka ba mabuɗi. Kada ka yi masa tsawa ka hau babur ka tafi. In ka yi masa tsawa zai ce to, ya koyi ɓoye maka. Ka zauna da shi, ka sa hannunsa a kan ƙarfen, ka gaya masa dalili yadda Malam Idi ya gaya mini, da Hausar da zai kai gida. Ka kuma gaya masa cewa ranar da ya kawo maka labarin ɓarna ba za ka sa a kore shi ba, kuma ka cika.

Maganar ruwan azumi kuwa za ta zo, ko ba bana ba. Mutanenmu ba mugaye ba ne, ƙishirwa ce, kuma mai gadi ba zai iya kallon idon liman ya ƙi shi ba, kai ma da ƙyar. Kada ka bar shi da a'a tsirara. Ka sa a ajiye sabuwar randa a inuwa, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, duk wanda ya zo da kwano a cika masa daga nan. Kai da kanka ka je wurin liman da maigari tun kafin wata ya tsaya, ka gaya musu abin da ke cikin akwatin nan ran jikokinsu ne. Da wani ya gaya wa limanmu haka, na rantse da kansa zai tsaya gadin ƙofar.

Na kai nan a rubutu jiya, na ajiye alƙalami, don na ga ba daidai ba ne ɗa ya ji abin da uwa ba ta ji ba. Yau da hantsi kana wurin sallama da abokanka, na sami innarka tana ɓarar wake a bakin ɗaki. Na zauna na gaya mata duka, ban rage ba. Ba ta daina ɓara ba har na gama. Sannan ta ce, "Malam, sati biyu kamin ciwon, ni na ɗauke ta na tai da ita bukin suna a Bazaga, kai ka ce in bar ta gida. Can akwai yaro mai tari. Shekara biyar kullum ina cewa ni na kwaso mata, ina jiran ranar da za ka hwaɗa min."

Nomau, ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba. Ina kwana ina tashi da ita, ina ganin ramarta ina cewa baƙin cikin uwa ne. Ashe shirun da na yi don in tsira da mutuncina ita ce take biyansa. Na ji kunyar da ban ji ba ko a gaban Malam Idi. Na ce mata ba ita ba ce, an yi wa yarinya allura don ta shiga ko'ina, allurar ce ba ta da rai. Ta tattara wakenta ta shiga ɗaki. Har yanzu da nake rubutun nan ba ta ce mini komai ba, ban kuma ga laifinta ba.

In ka ga jan ido gare ta wajen sallama, ba na tafiyarka kaɗai ba ne. In ka tashi aiko da amsa ka fara da ita, ka sa a karanta mata a hankali. Ni kuma, abin da uba bai saba ce wa ɗa ba zan ce maka. Rabi ƙanwarka ce, kai ka koya mata tafiya a hutun lakwal, na hana ka gaskiyar mutuwarta shekara biyar. Ka gafarta mini. In ba ka iya yanzu ba, zan jira.

Allah ya tsare ka a kan babur da kan hanyoyin daji, ya tsare hannunka daga ɓarna da bakinka daga ɓoyo. Allah ya raya yaran da za a tsira wa maganin da ka tsare. Allah ya jiƙan Rabi da sauran da suka bi ta a watan nan, ya ba iyayensu haƙuri, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Arzika